Dakashi da Abincin Jariri a Kwanakin Farko a Birnin Sakkwato

Tsakanin ranar haihuwa da ranar suna akwai kwana bakwai, kuma kusan kowace rana daga cikinsu Bahaushe ya ba ta aikinta. Amma kwana ukun farko sun fi sauran nauyi, domin a cikinsu ne ake yanke shawarar abin da zai fara shiga cikin jariri. Wannan shawara kuwa, a al'adar gidajen cikin birnin Sakkwato, ba a hannun mai jego take ba. Tana hannun ungozoma da kakanni da gwaggwanni.

Kalmar da Hausa ke da ita ga nonon farko ita ce dakashi, watau ruwan nan mai kauri, mai danƙo, mai launin rawaya, wanda ke fitowa kafin nono sosai ya kawo. Makiyaya ma da wannan suna suke kiran nonon farko na saniya, kuma ba wanda zai hana ɗan maraƙi shansa, don an san bai cika yin ƙwari ba idan ya rasa shi. Abin mamaki shi ne, abin da aka yarda da shi a garke an daɗe ana ƙyamarsa a ɗakin jego. Tsofaffi suna ganin dakashi nono ne da ya kwanta a jiki wata da watanni, saboda haka gurɓatacce ne. Sai a tatse shi a zubar, a wanke mama da ruwan magani, a jira kwana uku, wasu har huɗu. A wasu gidajen ana gwada nonon tukuna: a tatsa a ƙoƙo a jefa tururuwa, idan ta fita da rai nono ya yi kyau, idan ta mutu an ce da cuta. Ba a lura ba cewa kaurin dakashi kaɗai ya isa ya riƙe ƙafar tururuwa.

A kwanakin jira jariri ba ya zama haka nan. Ana ba shi ruwan ɗumi, ko madarar akuya ko ta shanu, ko ruwan rubutu, ko zamzam idan akwai a gidan, wani lokaci da ɗan zuma. Idan haihuwar fari ce, kunya tana ƙara tsawon jiran, domin yarinyar da ta je goyon ciki gidan iyayenta ba ta son a ga tana rawar jiki a kan ɗanta, har sai an matsa mata ta ɗauke shi.

A nan ya kamata a rarrabe abin da addini ya zo da shi da abin da al'ada ta ɗora. Abin da ya tabbata a hadisi shi ne tahniki: a tauna dabino, a ɗan shafa a dasashin jariri, kamar yadda Annabi (SAW) ya yi wa Abdullahi ɗan Zubairu, jaririn farko da aka haifa wa Muhajirai a Madina. Shafawa ce sau ɗaya, ba ciyarwa ba, kuma ba ta zo da umurnin a jinkirta shayarwa ba. Alƙur'ani kuwa, a cikin Suratul Baƙara, shekara biyu ya ambata ga mai son cika shayarwa. Akwai kuma wata mas'ala da malaman zaure suka sani daga Risala ta Ibn Abi Zaid. Idan aka miƙa jariri ga wata mai shayarwa a cikin gida don ta riƙe shi kafin nonon uwarsa ya kawo, to a mazhabar Malikiyya ko tsotsa ɗaya ce ta kai cikinsa, 'yan'uwantakar shayarwa ta ƙullu, aure ya haramta tsakaninsa da 'ya'yan matar. A garin da auren zumunta ya yawaita, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, ga shi kuwa ba a cika rubuta wanda ya sha nonon wa ba.

Ilimin likita na zamani ya saɓa wa tsofaffi a kan dakashi ƙwarai. Cikin jariri a ranar farko bai wuce ɗaukar mililita 5 zuwa 7 ba, kimanin cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma gwargwadon haka dakashi ke fitowa a kowane sha. Ƙarancinsa ba aibi ba ne, awo ne daidai da mai sha. Yana ɗauke da sinadaran kariya da jikin uwa ya haɗa don yaƙar cututtukan da ke kewaye da ita, waɗanda ke lulluɓe hanjin jariri su hana ƙwayoyin cuta kama wuri. Launinsa na rawaya, wanda ake ɗauka alamar lalacewa, daga sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A yake. Sa'an nan yana saukar da baƙin kashin farko, wanda fitarsa da wuri ke rage shawarar jarirai.

Uwa ma tana da rabo. Tsotson jariri yana sa mahaifa ta tsuke, zubar jini ta ragu, kuma yana taimaka wa nono ya kawo a rana ta biyu zuwa ta huɗu. Watau jiran da ake yi don nono ya zo, shi kansa yana iya jinkirta zuwansa. Jaririn da aka cika wa ciki da ruwa ba zai kama mama da ƙarfi ba, maman da ba a tsotsa ba kuwa sai ya cika ya yi tauri, a ce ai ga shaida nonon ba shi da kyau. Wani bincike da aka yi a ƙasar Gana, aka buga a 2006, ya ƙiyasta cewa za a iya kauce wa kashi 22 cikin ɗari na mutuwar jarirai a watan farko idan kowane jariri ya fara shan nono cikin sa'a guda da haihuwa. A Nijeriya, ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 42 cikin ɗari ne ake sa wa nono a wannan sa'a, kuma kashi 29 kacal na 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla.

Ruwa shi ne inda gardama ta fi tsanani, kuma dole a yi wa tsofaffi adalci. Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba zai ga laifin kakar da ta ce hana jariri ruwa mugunta ce ba, balle a al'ummar da ke tarbar kowane baƙo da ruwa, jariri kuwa baƙo ake ce masa. Sai dai kusan kashi 88 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, tatacce, wanda bai bi ta randa ko jarkar ɗan garuwa ba. Jaririn da ake ba mama sau takwas zuwa goma sha biyu a dare da rana ba ya jin ƙishirwa. Mai jego ce ke bukatar ƙarin ruwan. Zuma kuwa, duk da darajarta, likitoci sun hana ba da ita kafin shekara guda, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jijiyoyi wadda hanjin babba ke iya kashewa, na jariri bai iya ba.

Tun 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka kafa shirin asibitoci masu ƙaunar jarirai, wanda ya tanadi a ɗora jariri a ƙirjin uwarsa da zarar an haife shi, kada kuma a ba shi komai sai nono in ba da dalilin likita ba. Wannan darasi ake koya wa masu zuwa awon ciki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran asibitocin gari. Amma mai ciki ce ke zuwa awo, ba surukarta ba, kuma mata da yawa a jihar har yanzu a gida suke haihuwa. Yarinya 'yar shekara goma sha takwas, tana kwance a ɗakin uwarta rana ɗaya da haihuwa, ba ta da bakin da za ta ce wa kakarta a ajiye ƙoƙon ruwa. Masu wannan bakin su ne ungozoma, da malamar Islamiyya, da limamin da za a kira raɗin suna, kuma su ne ba a cika gayyata wurin lacca ba.