Angkor ta Dutse, Zazzau ta Laka

A shekarar 2018, baƙi 'yan ƙasashen waje fiye da miliyan 2.5 ne suka yanki tikitin shiga Angkor, tsohon birnin sarakunan Khmer da ke arewa maso yammacin ƙasar Kambodiya. Tikitin yini guda dala 37 ne, ɗan ƙasa kuwa kyauta yake shiga. Garin Siem Reap da ke bakin wurin ya cika da otal-otal da masu babur mai ƙafa uku da tafintoci, kusan kowa a can da kuɗin baƙi yake cefane. In aka karanta wannan lissafi a majalisar dattawa a Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi, ba za a rasa mai cewa ba: "Mu ma ai muna da namu, gwamnati ce ba ta kula." Ya faɗi gaskiya, amma bai ƙarasa ba. Akwai bambanci tsakanin abin da suka gada da abin da muka gada, kuma bambancin yana cikin kayan ginin ne tun kafin a zo kan gwamnati.

Sarki Suryavarman na Biyu ne ya gina Angkor Wat a farkon ƙarni na 12. An sassaƙo duwatsunsa daga tsaunin Kulen, tafiyar kusan kilomita 40, aka jera su ba siminti, aka zana yaƙe-yaƙe da tatsuniyoyin addininsu a jikin bango. Harsashinsa da katangunsa na waje kuwa marmara ce, irin wadda ake haƙowa a gonakinmu. Bayansa Sarki Jayavarman na Bakwai ya gina Angkor Thom da ɗakin ibadar Bayon mai manyan fuskoki na dutse. Da mulki ya koma kudu a ƙarni na 15, daji ya rufe mafi yawan birnin. A ɗakin ibadar Ta Prohm har yau saiwoyin manyan itatuwa na kwance a kan rufi, sun rungume bango. Faransawa sun fara share wurin da gyara shi a farkon ƙarni na 20, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin kayan tarihin duniya a 1992.

Abin lura shi ne, ɗaruruwan shekaru wurin ya yi ba mai yi masa gyaran kirki, amma ya jira. Wani jakadan ƙasar Sin mai suna Zhou Daguan ya zauna a birnin daga 1296 zuwa 1297, ya rubuta labarin gidajen talakawa na itace da ciyawa, da fadar sarki mai ginshiƙan katako. Duk waɗannan babu su yau. Abin da baƙi ke biya su gani shi ne kaɗan ɗin da aka yi da dutse.

Mu kuwa, da gidan talaka da fadar sarki da masallaci da ganuwa, duk da ƙasa muka yi su.

Daga Hunkuyi zuwa Ƙofar Doka ta Zariya mota ba ta yin awa guda. Ganuwar Zariya ta haura kilomita 14 in an zagaye ta, da ƙofofinta irin su Kuyambana da Gayan da Kona da Bai da Jatau da Galadima, kuma tana cikin abubuwan tarihin da dokar ƙasa ta ce a kare. Haka dutsen Kufena da ke yamma da birnin. Haka tsohon masallacin Maigana a ƙasar Soba, wanda ya girmi jihadi, da takwaransa na Bebeji a cikin jihar Kano. Kargi ta ƙasar Kubau, maƙwabciyar Ikara, tana cikin wuraren da masu tarihi ke ambata a matsayin mazaunin farko na sarautar Zazzau, kafin Turunku, kafin Sarki Bakwa ya dawo da hedikwata kusa da Kufena a wajen 1536 bisa lissafin jerin sarakuna. Su ma tsofaffin garuruwan Ikara da Makarfi da Kudan galibinsu da ganuwa aka san su a da, don ba a zaman fili a zamanin hari. Yau a wurare da yawa sai dai dattijo ya nuna maka wani tudu da ya miƙe a gefen gona, ko wani kwari da ruwa ke kwanciya da damina, ya ce nan ganuwa ta bi, can kuma ƙofa take. Yaron da ke kiwo a kan tudun bai san a kan me yake tsaye ba.

Ginin ƙasa ba rago ba ne, amma sharaɗinsa a riƙa komawa kansa. Magini yakan sa a haƙo jar ƙasa, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattaka da ƙafa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, sannan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai a shanya a rana. Bango yakan fara da kauri a ƙasa, yana sirancewa yana hawa. In an zo rufi sai azara, wato tsagin giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba. Da ita ake ɗaura bakan gizo, ana jera ta gaɓa-gaɓa tana ɗan leƙowa ciki har ɓangarorin biyu su haɗu a sama, a lulluɓe da laka. Sai kuma kariya daga ruwa: makuba daga kwasfar ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin da aka kwaso daga gindin rijiyar marina, da gashin jima daga majema, da dafara. Ka ga ke nan rufin soro ɗaya ya ratayu a kan marini da majemi da mai saran giginya da mai itacen ɗorawa. Da marina ta mutu a gari, laso ya bi ta. Da aka sare giginya ba a dasa wata ba, azara ta yi tsada. Indararo ɗaya in ya toshe, damina biyu ta isa ta tsaga bangon da ya shekara ɗari.

Ita ganuwa a da aikin gayya ce. Bayan damina sarki kan raba ta yanki-yanki ga unguwanni da masu sarauta, kowa ya ɗaga nasa. Da Turawa suka ci ƙasa aka daina yaƙi, dalilin aikin ya tafi, aikin ma ya tsaya. Abin da ruwan sama ya rage, masu neman ƙasar gini da masu neman fili suka ƙarasa. Ba na ganin laifin mai ɗiban ƙasa shi kaɗai: mutum yana son ɗaki, ga ƙasa a tare a bayan gidansa, ba wanda ya taɓa gaya masa amfanin barinta.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka. Allah Ya jiƙansu. Wannan masallaci Malam Mika'ilu Babban Gwani ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, kuma masana gine-gine na ciki da waje sun daɗe suna ɗaukar sa a matsayin ƙololuwar ginin Hausa, saboda ginshiƙansa da bakan gizonsa da tulluwarsa. Tun a shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na siminti. Unguwar Babban Gwani tana nan a cikin birni da sunanta. Amma in irin wannan gini, a ƙofar fada, a idon kowa, ya kai ga haka, sai mutum ya yi tunanin halin da na ƙauye ke ciki.

Saboda haka ni a ganina ba Angkor ce abar koyinmu ba, Djenne ce ta ƙasar Mali. Babban masallacinta na yanzu an gina shi a 1907, da laka zalla, kuma garin ya shiga jerin UNESCO a 1988. Kowace shekara ana tsayar da rana, gari duka ya fito: mata na ɗebo ruwa, samari na tseren kawo kwaɓaɓɓiyar laka a kwanduna, magina na bisa itatuwan da suka tsiro daga jikin bango suna yaɓe. Waɗannan itatuwa ba ado ba ne kawai, matakala ce da aka bari don gyaran baɗi. Haka hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 take. Kafin rashin tsaro ya hana tafiya Mali, ranar yaɓen nan ita ce baƙi suka fi so su tarar. Gyaran da kansa ya zama abin kallo, kuma shi ya sa har yau ake da matasan da suka iya aikin.

Wannan ya kawo mu ga ɗaya abin da ke kai mutane Kambodiya. Kudu da Siem Reap akwai tafkin Tonle Sap. Da damina kogin Mekong kan cika har ya tura ruwa baya ta cikin kogin da ke fita daga tafkin, sai tafkin ya ninka girmansa sau da yawa. Da rani kuma ruwan ya juya ya koma. Masunta sun daidaita zamansu da wannan. A Kampong Phluk gidaje na bisa dogayen turaku, a Chong Kneas kuwa gidan da makaranta da kanti duk a kan ruwa suke yawo. Ba sarkin da ya gina waɗannan, ba su da shekara dubu. Baƙo yana biyan kuɗin jirgi ne don ya ga yadda mutane ke neman abinci.

Irin wannan kam muna da shi, ba sai an tono ba. Wanda ya shiga fadamun Makarfi da Kudan bayan an ɗauke ruwa zai tarar da masu mazarƙwaila. Ana tura rake cikin injin matsa, ruwan na tsiyaya ta ƙasa, tukar na fita ta gaba. Tukar nan ba a zubar da ita. Shanya ta ake yi, ita ce makamashin da ake dafa ruwan da shi a manyan kasake. Mai dahuwa na tsaye cikin hayaƙi yana kwashe kumfa, yana juyawa, yana ɗaga ludayi ya ga yadda ruwan ke zuba. Shi ya san lokacin saukewa, in ya yi gaggawa ba za ta daskare ba, in ya yi jinkiri ta ƙone ta yi ɗaci. Sai a zuzzuba a ƙananan kwanoni, ta huce, a kife ta fito da siffar kwanon. Ƙamshin kan tari mutum tun daga bakin hanya. Yaron da ya tashi a Kaduna ko Abuja ya sha mazarƙwaila a kunu, amma bai taɓa ganin wannan ba.

Sana'ar ma tana da tarihinta a nan. Rubuce-rubucen mishan na CMS sun nuna cewa a Gimi, inda aka kafa wani ƙaramin zango na mabiyansu a wajen lokacin yaƙin duniya na farko, an kawo injin matse rake, kafin ciwon barci ya watsa zangon. Ciwon barcin nan ne kuma ya sa gwamnatin mulkin mallaka ta yi shirin Anchau a ƙarshen shekarun 1930, aka sare kurmin bakin rafuka don korar ƙudan tsando, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Layin dogon da ya isa Kano a 1911 ta Likoro da Gimi ya ratsa. Malamin tarihi da mota ɗaya zai iya nuna wa ɗalibansa duk wannan tsakanin hantsi da la'asar, ya biya ta Ikara su ga shanyar barkono da kauɗar tumatir.

Sai dai kasuwar baƙi ba ta rasa ƙaya. A Tonle Sap an daɗe ana kukan cewa kuɗin jirgi na tsayawa ne a hannun masu kwangila, masuncin da ake ɗaukar hotonsa ba ya ganin komai. A Angkor kuwa, ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto a 2023 kan yadda aka tashi dubban iyalai daga kewayen wuraren tarihin aka kai su Run Ta Ek da sunan kare kayan tarihi. Duk shirin da zai fara da korar mai gona daga gindin ganuwa, ko ya mai da mai dahuwar mazarƙwaila abin kallo ba tare da ya sayar da ko ƙwarya ɗaya ba, gara a bar shi.

Su wa za su zo? Ba Turawa ba, aƙalla ba yanzu ba. Labarin rashin tsaron hanyoyinmu ya riga ya isa inda suke. Amma masu zuwa suna nan a gida. Dubi yadda matasa ke tururuwa zuwa ginin Kajuru, wanda wani Bajamushe ya yi a shekarun 1980, don kawai su ɗauki hoto. Ginin da bai kai yawancin iyayensu shekaru ba. Dubi cikar Zariya ranar Hawan Daushe, lokacin da hakimai ke shigowa da dawakansu daga ko'ina cikin masarauta. Hawan Sallar Kano ma ya shiga jerin al'adun UNESCO a Disamban 2024. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da sashen tarihi da na binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa da na zanen gine-gine, ɗalibansu kullum suna neman inda za su yi aikin fili.

Abin da ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan za su iya yi bai kai kuɗin kwalbati biyu ba. A zauna da dagatai da masu unguwanni a rubuta abin da ya rage: guntun ganuwa, tsohon masallaci, rijiyar marina, zauren da ke da bakan gizo, da sunan maginin da har yanzu ya iya ɗaura azara. Galibin waɗannan magina sun manyanta, 'ya'yansu kuma bulo suke bugawa, don shi ake biya. In aka ba tsoho ɗaya kwangilar gyara zaure ɗaya kowace shekara bayan kaka, da sharaɗin ya ɗauki yara biyar, aka kuma sanar da ranar yaɓe a rediyo da masallatai don makarantu su kawo ɗalibai, masu mazarƙwaila da masu rake za su kawo kayansu bakin wurin da kansu.