Ludayi Ma Yana Buƙatar Suna: Tambari da Kwali ga Kayan Gida

Yau za mu ɗan ajiye maganar kaji da tarwaɗa, mu taɓa abin da kowa ke riƙewa a hannu amma ba mu ɗauke shi haja ba: ludayi.

Ka shiga kasuwar Funtua ko ta Malumfashi, ka leƙa layin masu ƙwarya. Za ka tarar da ludayi a zube kan buhu, manya da ƙanana a cakuɗe, ƙura na sauka a kai. Wanda ya shuka duman da wanda ya fafe shi, babu wanda aka sani. Shi ya sa kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Alhali duniya tana neman abin da zai maye gurbin cokalin roba. Tarayyar Turai ta hana cokulan roba na yarwa a Yulin 2021, Indiya ta bi sahu a Yulin 2022. A birnin Hyderabad kuwa, Narayana Peesapaty ya kafa kamfanin Bakeys a 2010, yana yin cokali da garin dawa, shinkafa da alkama. A ci abinci, a cinye cokalin! Mu kuma namu cokalin a gona yake tsirowa. Abin da ya rage shi ne suna da shiga.

Mu fara da tambari. Wuyan ludayi siriri ne, don haka zane mai launuka da dogon rubutu ba zai zauna ba. Ka zaɓi alama ɗaya da gajeren suna, yadda ko an ƙanƙanta shi kamar farcen babban yatsa za a gane. Kada ka liƙa sitika, wanki biyu za ta ɓare. Ka kai wa maƙeri ya yi maka hatimin ƙarfe, a gasa shi a dangwala a wuya, kamar yadda masu zanen ƙwarya ke yi tun kaka da kakanni. Fenti kuma kada ya kusanci inda baki ke taɓawa.

Sai kwali. Na taɓa ƙulle ludayi a leda kafin ya gama bushewa, cikin damina. Wallahi ko mako biyu ba a yi ba, fumfuna ta rufe su, na zubar. Tun daga nan nake cewa: a kankare cikin tas, a shanya sosai, a ware girma ɗaya, sannan a sa shida ko goma sha biyu a kwali mai ramukan iska. A rubuta suna, gari, lambar waya da yadda ake wankewa, da Hausa da Turanci.

Kar a manta, rajistar CAC sunan kasuwanci take ba ka. Kare tambari kuwa sai ofishin rajistar alamun kasuwanci na Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari a Abuja. Rajistar farko shekara 7 take yi, sabuntawa kuma 14.

Su wa za su saya? Shagunan fura da nono na zamani a Kano, Kaduna da Abuja, da masu rabon kyautar biki. Su tsabta da tsari suke biya.

To matasan Bakori, Ɗanja da Kafur, bana wa zai sa duma a gefen gonarsa?