Tsagar da Filasta ke Ɓoyewa a Gine-ginen Gaɓar Kainji

Tun 1968, da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji aka kuma sake wa mutane kusan 44,000 matsuguni, ginin bulon siminti ya kankama a ƙauyukan Yauri da Ngaski. Yau azuzuwa da asibitocin da ake ginawa da kuɗin jama'a, har zuwa Shanga, duk da bulo ake yin su, kuma filasta ce ke rufe aibinsu kafin ranar buɗewa.

Tsaga iri biyu ce. Siririya kamar gashi yawanci daga bushewar siminti take. Magini zai faɗaɗa bakinta da kurfi, ya kakkaɓe ƙurar, ya jiƙa wurin, ya cusa kwaɓin siminti ɗaya da yashi uku, ya shimfiɗa ragar waya a kai, sannan a riƙa ba shi ruwa kamar mako guda.

Ɗayar ita ce abin tsoro: wadda ke bin layin bulo kamar matakala, ko ta fi buɗewa a sama. Wannan harsashin gini ne ke motsi, galibi saboda ƙasar laka da ke kumbura da damina ta kuma tsuke da rani. Ko an cike ta, za ta dawo. Gwajinta ba ya cin kuɗi: a liƙa ɗan siminti a kanta, a jira makonni. Idan ya tsage, aikin injiniya ne, kuma ɗan kwangilar da ya shafe ta a haka ya ha'inci jama'a.

Matasan da ke bibiyar ayyukan mazaɓu kan je ne bayan fenti. A lokacin an makara. Hoton da zai zama hujja shi ne na bangon da ba a shafe ba.