An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Wani Tsohon Fim da Maganar Bindiga

Wani dare bayan sallar isha'i, yaron da ke tura wa mutane fina-finai a waya a bakin layinmu ya kawo mana wani tsohon fim na Amurka mai suna Targets, muka ɗora kwamfuta a kan benci muka kalla mu bakwai, mai shayi na leƙowa ta bayanmu. Da aka gama sai majalisa ta rabu. Samari biyu suka ce an ci musu lokaci, fim ba dambe, ba bos, ko kiɗa babu. Wani ya ce abin da ya ba shi haushi shi ne har aka tashi ba a faɗi dalilin da ya sa yaron cikin fim ɗin ya yi ta kashe mutane ba. Sai wani dattijo da muke girmamawa ya gyara zama ya yanke hukunci: "Ai irin waɗannan fina-finai ne suka lalata Turawa. Su suka koya wa 'ya'yansu harbi." Kowa ya gyaɗa kai, aka tashi.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta hana ni barci, don na gaji da jin ta. A gidan biki an faɗe ta, a rediyo an faɗe ta, duk inda aka zubar da jini sai wani ya ce fim ne. Magana ce mai daɗin faɗa, domin ba ta ɗora wa mai faɗarta nauyin komai. To bari mu auna ta da wannan fim ɗin da aka ɗora wa laifi.

A taƙaice, Targets ya fito a watan Agusta na 1968, kuma shi ne fim na farko da Peter Bogdanovich ya ba da umarni da sunansa. Furodusa Roger Corman yana bin tsohon ɗan wasa Boris Karloff bashin aikin kwana biyu, sai ya ce wa Bogdanovich ya yi duk fim ɗin da ya ga dama, muddin zai sa Karloff a ciki, ya kuma cusa wani yanki na wani tsohon fim ɗinsa na 1963 mai suna The Terror. Karloff shi ne wanda ya fito a dodon Frankenstein a 1931, ya shekara fiye da talatin yana tsorata duniya. A nan ya fito a matsayin Byron Orlok, tsohon ɗan wasan fina-finan ban tsoro da ya gaji, yana so ya ajiye sana'a, don a ganinsa abin da jaridu ke bugawa kullum ya fi dodonsa ban tsoro. A ɗaya gefen kuma ga Bobby Thompson, wanda Tim O'Kelly ya fito a matsayinsa: saurayi tsaf-tsaf, mai ladabi, yana zaune da matarsa a gidan iyayensa a gefen birnin Los Angeles. Wata safiya ya harbe matarsa da mahaifiyarsa da yaron da ya kawo cefane, ya hau saman tankin mai da ke gefen babbar hanya ya yi ta ɗauke masu motoci ɗai-ɗai, da dare kuma ya ɓuya a bayan allon wata silimar fili da ake kallo daga cikin mota, inda aka gayyaci Orlok ya gaisa da masu kallo.

Yanzu ga tambayar da nake so dattijonmu ya amsa: wa ya riga wani, fim ɗin ko kisan? Ranar 1 ga Agusta 1966, shekara biyu kafin fitowar Targets, wani tsohon sojan ruwa ɗan shekara 25 mai suna Charles Whitman ya kashe mahaifiyarsa da matarsa da dare, da rana ya hau hasumiyar Jami'ar Texas da ke birnin Austin da tarin bindigogi, ya yi kusan awa ɗaya da rabi yana harbin duk wanda ya gifta. Sama da mutum goma suka mutu, kusan talatin suka jikkata, kafin 'yan sanda su harbe shi. Daga wannan labari aka ciro Bobby Thompson. Whitman bai kalli Targets ba, don a lokacin ko rubuta shi ba a yi ba. Haka nan an kashe Martin Luther King a Memphis ranar 4 ga Afrilu 1968, aka harbi Robert Kennedy a wani otal a Los Angeles ranar 5 ga Yuni, duka kafin fim ɗin ya shiga silima. Wannan ma shi ya sa kamfanin Paramount mai rarraba fim ɗin ya rasa yadda zai yi da shi, har ya liƙa masa rubutu a farko yana kiran a taƙaita mallakar bindiga, kuma duk da haka mutane ba su cika silima ba, don zukata sun riga sun ƙoshi da jini. Mai ɗaukar hoton gobara ake tuhuma da cinna wuta.

Idan kuma aka ce ba wannan fim kaɗai ake nufi ba, duk fina-finan harbe-harbe ake nufi, sai mu duba wasu ƙasashe. Fim ɗin da aka haska a Amurka shi ake haskawa a Ingila da Ostireliya da Japan. Japanawa ma suna da nasu fina-finan da wasannin kwamfuta masu zubar da jini, amma a shekara guda mutanen da ake kashewa da bindiga a can sau da yawa ba sa cika yatsun hannu biyu, alhali a Amurka dubun-dubata ne ke mutuwa ta hanyar bindiga kowace shekara. Idon Bajapane da na Ba'amurke iri ɗaya ne. Bambancin shi ne, a Japan kafin ka riƙe ko bindigar farauta sai ka yi aji, ka ci jarrabawa, likita ya duba hankalinka, 'yan sanda su san inda kake ajiye ta. A Ostireliya, bayan wani mutum ya kashe mutum 35 a Port Arthur a watan Afrilu 1996, gwamnatin John Howard ba ta rufe silima ba. Ta hana manyan bindigogi masu sarrafa kansu, ta sayi sama da dubu 600 daga hannun jama'a ta lalata. A Birtaniya, bayan an kashe yara 16 da malamarsu a makarantar firamare ta Dunblane a watan Maris na wannan shekarar, sai aka hana mallakar ƙananan bindigogi a 1997. Mutanen waɗannan ƙasashe suna nan suna kallon fim har gobe. Ita kanta Amurka, a watan Oktoba 1968 dokar da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ta bindiga ce, wadda ta hana a aiko wa mutum bindiga ta gidan waya kamar yadda wanda ya kashe Shugaba John Kennedy ya sayi tasa.

Sannan wanda ya ce Targets na koyar da kisa, ina shakkar ko ya kalle shi da idon basira. Abin da samarinmu suka yi ƙorafi a kai, wato rashin kiɗa, da gangan aka yi shi. Ba ganga ba goge da za su zuga ka ka ji daɗin harbin. Sai ƙarar motoci, da surutun rediyo, da ƙarar bindiga, sai ka ga mota ta kauce hanya daga nesa. Yaron yana kwance a saman tanki yana cin burodinsa yana shan lemo kamar mai jiran awaki su gama kiwo. Babu wanda zai kalli wannan ya ce yana so ya zama shi. Kuma dubi yadda aka ƙare da shi: tsoho mai dogara sanda ya tunkaro shi, ga kuma hoton wannan tsohon a kan ƙaton allo yana tahowa, yaron ya ruɗe ya rasa wanda zai harba, tsohon ya make bindigar da sanda ya zabga masa mari, sai ga makashin ya duƙunƙune a lungu kamar yaron da aka kama da satar nama a tukunya. Wurin da ya fi tayar mini da tsikar jiki ma babu jini a ciki. Shagon sayar da bindiga ne, inda mai shago ke miƙa masa kaya da fara'a, ba tambaya, shi kuma ya buɗe but ɗin motarsa sai ga shi maƙil da bindigogi a jere kamar kayan lefe.

Shi kuwa mai ƙorafin ba a faɗi dalili ba, ai nan hikimar take. Mun saba a fim mugu ya zo da jajayen idanu da tabo a fuska, don mu samu natsuwa cewa za mu gane shi daga nesa. Alhali mugu ba shi da kama.

Ban ce fim waliyyi ne ba. Yaro ɗan shekara bakwai da aka bari da waya har tsakar dare zai kwaikwayi abin da ya gani, ko a tafiya ko a magana, kuma na fahimci damuwar da ta sa hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano take sa ido kan fina-finan daba. Talauci da ƙwaya da zaman banza da 'yan siyasa masu raba makamai lokacin zaɓe, kowanne da nasa kason. Amma kwaikwayo da bakin yaro yana ƙarewa a "tau-tau". Sai an samu ƙarfe a kusa yake zama jana'iza. Mu da muka ga abin da yawon bindigogi ya yi wa ƙauyukan Zamfara da Katsina, bai kamata a zo ana koya mana wannan ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Duk mai bindiga a gida bisa ƙa'ida, mafarauci ne ko ɗan sintiri ko ma'aikacin tsaro, ya ji tsoron Allah ya daina jingine ta a bayan ƙyaure ko tura ta ƙarƙashin gado da harsashi a ciki. A cire harsashi, a kulle shi daban, a kulle bindigar daban, makullin kuma ya zauna a jikinka. Kada ka ce yara ba su san inda take ba. Sun sani tun kafin ka gama ɓoyewa. Kada ka nuna wa kowa bakin bindiga da sunan wasa, ko ka rantse ba komai a ciki. A daina harbi sama a wurin biki da hawan sallah a tsakiyar jama'a, domin harsashin da ya tashi dole ya sauko, kuma ba ya tambayar kan wa zai faɗa. Wanda yake riƙe da ita ba da izini ba, ya nemi hanyar miƙa ta ga hukuma ta hannun mai unguwa ko hakimi.

Na biyu, mu riƙa sauraron mutanenmu. Wata huɗu kafin ta'asarsa, Whitman ya je wurin likitan ƙwaƙwalwa na jami'arsu ya gaya masa yana tunanin hawa hasumiya ya yi ta harbin mutane. Ya fita, bai koma ba, ba wanda ya bi sawunsa. Idan ɗanka ko mijinki ko ƙaninka ya fara cewa zai kashe wani ko zai kashe kansa, ya daina barci, ya ƙaurace wa mutane, kada a ce "haka yake" ko a tsaya rufa asirin gida. A fara da ɗauke duk wani makami daga inda hannunsa zai kai, sannan a kai shi asibiti, a haɗa da addu'a. Ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar hawan jini, kuma mafi yawan masu fama da shi ba sa cutar da kowa. Abin kunyar shi ne a gani a yi shiru.

Na uku, iyaye ku zauna ku kalli abin da yaranku ke kallo. Ka karɓi wayar ka ga me mai turi ya zuba a ciki. In an harbi mutum a fim, tambayi yaron: wannan da ya faɗi, wa zai ciyar da 'ya'yansa? Tsawa da ƙwace waya ba sa koya wa yaro darajar rai, hira ce ke koya masa. Masu shirya fim namu kuma su ɗauki darasi daga Bogdanovich: in za ku nuna ɗan daba, ku nuna shi yadda ƙarshensa yake, ku daina yi masa kirari da kiɗa.

Karloff ya yi wannan fim yana da shekara kusan tamanin, huhunsa ya lalace, ƙafafunsa na ciwo, ya rasu ranar 2 ga Fabrairu 1969, kusan wata shida bayan fitowar fim ɗin. Washegarin kallonmu na bi ta ƙofar gidan dattijon nan, muka gaisa, na tambaye shi ina adakarsa ta farauta take kwana. Ya ce tana bayan ƙofar ɗakinsa tun zamanin mahaifinsa, a ɗure, saboda ɓarayi. Muna cikin maganar jikokinsa biyu suka fito daga wannan ɗakin a guje, suna wasan ɓuya.