Shaihu Imam na Masar da Kaset ɗin Ɓoye

Ga labarin wata haja wadda hukuma ta hana, amma ta game gari ba tare da dillali ba.

An haifi Shaihu Imam Isa a 1918 a wani ƙauye na lardin Giza, ya makance tun yana jariri, ya haddace Alƙur'ani yana yaro. Daga baya ya koyi kaɗa udu, watau molon Larabawa. A 1962 ya gamu da mawaƙi Ahmad Fu'ad Najm, suka zauna a unguwar Hosh Ƙadam, kusa da Azhar. Najm ya tsara baiti, Shaihu ya sa masa murya. Da Isra'ila ta ci Masar da yaƙi a 1967, sai waƙarsu ta koma zambon masu mulki. Aka tsare su a zamanin Nasir, aka kuma tsare su a zamanin Sadat, gidan rediyo kuwa ya rufe musu ƙofa.

To, ina aka ji su? A ɗaki. Ɗalibai da ma'aikata su cika wuri, wani ya ajiye rakoda a gaban Shaihu, gobe a kwafa wa aboki, shi ma ya kwafa wa wani. Kowace kwafa tana rage kyan sauti. Ga tari, ga dariya, ga amshin jama'a yana danne udun. Duk da haka aka riƙa nemansu, alhali mai riƙe da su yana iya kwana a hannun 'yan sanda.

Hukuncin kiɗa na malamai ne, ba shi muke tattaunawa ba. Amma almajiri ya san dalilin wannan ƙauna. Littafin ɗab'i ya fi tsabta, sai dai wanda aka rubuta a zaure daga bakin malam, da gyare-gyarensa a gefe, shi ake adanawa a gafaka, domin yana shaida cewa an zauna an ji. Tarin nan da dariyar nan su ne isnadin kaset: mai saurare ya tabbata ba a tace kome ba, kuma wanda ya miƙa masa ya amince da shi.

Shaihu ya rasu a 1995, Allah Ya jiƙansa. A 2011 samarin da ba su taɓa ganinsa ba suka rera waƙoƙinsa a dandalin Tahrir.