Nimfa: Daga Amarya Zuwa 'Yar Fara

Akwai wata kalma da ta ɗaure mana kai kwanakin baya, don mun gamu da ita a wurare uku waɗanda ko kusa ba su haɗa hanya ba. Mun same ta a littafin labarun mutanen dā, mun same ta cikin waƙoƙin Turawa, sa'an nan da muka buɗe littafin ilmin ƙwari sai ga ta a ƙarƙashin hoton 'yar fara. Kalmar kuwa ita ce nimfa. Muka ce, me ya haɗa aljana da fara? Da muka bi sawu sai muka tarar ashe akwai dalili, muka ga ya kamata mu bayyana wa 'yan'uwa, tun ba waɗanda za su tsaya gaban yara su koyar ba.

Asalin kalmar na Yunanawa ne, watau mutanen ƙasar Girka. A bakinsu ma'anarta amarya, ko budurwar da ta isa aure. Daga nan suka ɗauki sunan suka ba waɗansu 'yan mata da suka ƙaga cikin camfinsu, waɗanda suka ce ba mutane ba ne, ba su kuma kai matsayin manyan allolinsu ba. Kowace da mazauninta. Na idon ruwa da rafi su ne nayad, na itatuwa dirayad, na teku kuwa nerayid, su 50 ne, 'ya'yan wani tsoho Neriyus. Suna da tsawon rai ƙwarai, amma da yawansu suna mutuwa. Har akwai waɗanda aka ce ran da aka sare itacensu ran nan kwanansu ya ƙare. Makiyaya kan kai musu madara da zuma a bakin kogo. Wanda ya tashi yana jin ana hana yara zama gindin tsamiya da tsakar rana ba zai yi mamakin wannan ba.

Abin da muka lura da shi cikin labarunsu shi ne yawan rikiɗa. Wani mawaƙin Rum, Obid, ya tara irin waɗannan cikin littafi mai kashi 15, wanda ya gama wajen shekara ta 8 bayan haihuwar Annabi Isa. A ciki akwai Dafni, wadda Afolo ya bi da neman so, ta yi ta gudu, da ta ga zai cim mata sai ta roƙi ubanta ya sāke mata kama, nan take ta zama itace. Akwai Eko, wadda ta so wani saurayi Narsisus, shi kuwa ba ya ganin kowa da gashi. Ta yi ta ramewa har ba abin da ya rage sai murya, ita ce wai ke amsa wa mutum in ya yi kira tsakanin duwatsu. Kusan duk inda nimfa ta fito cikin littafin nan, ba ta ƙarewa da siffar da ta fara da ita.

Mawaƙan Ingila sun ari sunan suka riƙa kiran kowace budurwa da shi. Kiristofa Malo ya yi waƙar makiyayi mai kiran masoyiyarsa, yana yi mata alkawarin furanni da tufafi masu kyau, aka buga ta a 1599, bayan mutuwarsa. A 1600 aka buga amsar da Walta Rali ya sa a bakin nimfa. Ta ƙi tayin, hujjarta kuwa ita ce fure yana yanƙwanewa, tufa tana tsufa, ƙuruciya ba ta zama. Mu dai amsar ta fi shiga ranmu, don makiyayin ya yi magana kamar damina ba ta wucewa.

To, yaya sunan ya kai ga ƙwari? Tun zamanin Aristotal ne, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa. Da yake bayanin ƙudan zuma da zanzaro, ya ce in tsutsarsu ta daina ci, ta kwanta a rufe cikin ɗakinta tana jiran fita da fiffike, sunanta nimfa. A ganinmu kamar ba ta ɓuya: ga ta a lulluɓe, an tsare ta a ɗaka, ta bar yarinta ba ta kuwa shiga sabon gida ba tukuna. Wanda ya taɓa ganin amarya cikin lalle ya gane.

Amma fa a nan akwai tarko. Masana na Ingilishi sun ɗauke sunan daga inda Aristotal ya ajiye shi. Ƙwari hanya biyu suke girma. Malam-buɗe-littafi da ƙuda da sauro da zuma suna bin hawa huɗu: ƙwai, tsutsa, kwanciyar rikiɗa, sa'an nan babba. Tsutsar ba ta kama da uwarta ko kaɗan. Fara kuwa da gyare da kyankyaso da ƙwarƙwata hawa uku ne nasu: ƙwai, nimfa, babba. 'Yar tana fitowa da siffar uwarta, sai dai ƙarama ce, ba ta da fiffike, ba ta iya haihuwa. Da yake fatarta ba ta miƙewa, tilas ta yi saɓa kamar maciji duk sa'ad da ta matse ta. Wannan ita ce nimfa a littattafan Ingilishi. A Faransanci kuwa har yanzu ana kiran mai kwanciyar rikiɗa da sunan nan, yadda Aristotal ya yi. Saboda haka wanda ya yi karatu a Maraɗi da wanda ya yi a Katsina suna iya faɗin kalma ɗaya, kowa da abin da yake nufi.

Ko nayad ma ba a bar ta ba. 'Yar mazari, ƙwaron nan mai fiffike huɗu da ke shawagi bisa tafki, cikin ruwa take zama wata da watanni, wata ma shekaru, tana farautar 'ya'yan sauro da talibambam da wani leɓe mai miƙewa. In lokacinta ya yi sai ta hau karan ciyawa, bayanta ya tsage, mazari ya fito. Don zamanta cikin ruwa ake kiranta nayad.

Inda zancen ya shafi tuwonmu shi ne wajen fara. Farar hamada tana tsoma cikinta a rairayi mai laima ta zuba ƙwai, kamar 80 a tulli guda, in da zafi su ƙyanƙyashe cikin mako biyu. 'Ya'yan suna saɓa sau 5, cikin kamar mako biyar ko shida, duk wannan lokaci kuwa tsalle ne iyakarsu. A 1921 wani masani, Boris Ubarof, ya nuna cewa farar da ke zama ita kaɗai da wadda ke tafiya cikin runduna iri ɗaya ne, cunkoso ne ke juya su. Daga baya aka gano yawan gogar ƙafafun baya da juna yana cikin abin da ke tayar da wannan. 'Yar da ta tashi ita kaɗai koriya ce, mai gudun 'yan'uwa. Wadda ta tashi cikin taro sai ta yi baƙi da rawaya, su haɗu su miƙa gaba ɗaya suna cin abin da suka tarar.

Ɓarnarsu ba labari ba ne a ƙasashen nan. Annobar wata irin fara da ta taso daga fadamun Kogin Kwara a ƙasar Mali a 1928 ta game yawancin Afirka kudu da Sahara, ba ta lafa ba sai wajen 1941. A 2004 kuma farar hamada ta cinye gonaki a Muritaniya da Mali da Nijar. Lokacin da aka fi samun galaba a kansu shi ne suna nimfa. A dā akan haƙa gwalalo a gabansu, a koro su ciki a binne, ko a watsa musu dusa mai guba. Yanzu feshi ake yi. Shi ya sa muke ganin ya kamata malami ya kamo 'yar fara ya nuna wa yara 'yan tsiron fiffike da ke bayanta, su san wadda ta kusa tashi, su kai labari da wuri. Bayan saɓa ta biyar, kwana goma ya isa fiffiken ya yi ƙarfi, daga nan kuwa runduna na iya cin kilomita 100 ko fiye a wuni guda.