Wahayi Daban, Duba Daban

A Matameye da karkararta, wanda ya kammala yaƙi da jahilci kan nemi abin karantawa da Hausa. Littafi Mai Tsarki na Kirista yana cikin manyan littattafan da aka daɗe da fassarawa: cikakkensa ya fito a 1932, da aikin Likita Walter Miller na Zariya. Mishan ta SIM kuwa ta sauka Damagaram tun 1924.

Ma'aikacin da ya karanta littafin da Faransanci yakan gamu da kalmar "oracle". A lakkol an koya masa cewa tana nufin amsar da matsafan Girka suke ba masu tambaya a garin Delfi. Saboda haka sai ya zaci annabawa ma masu duba ne. Wannan kuskure ne babba.

A Ibraniyanci kalma guda da ake fassarawa haka ita ce "massa", ma'anarta kaya mai nauyi. Da ita aka buɗe littafin Habakuk da na Malakai. Annabi ba ya ƙirƙiro saƙo. Aza masa ake yi, dole ya kai shi, ko sarki zai yi fushi. A Helenanci kuwa "logiya" ce, wato zantattukan Allah. Manzo Bulus ya yi amfani da ita a Romawa 3:2, inda ya ce amana ce aka danƙa wa Yahudawa.

Littafin kansa ya raba tsakani. Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta hana duba da sihiri da tambayar matattu. Aya ta 22 ta ba da ma'auni: wanda ya yi magana da sunan Ubangiji, abin bai tabbata ba, to ba Ubangiji ne ya aiko shi ba.

Musulmi, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar Kance, sun san wannan bambanci. Suratu Shura, aya ta 51, ta bayyana hanyoyin da Allah yake magana da ɗan Adam, kuma Musulunci ya haramta zuwa wurin boka.

Boka ana biyan shi, ya faɗi abin da kunne ke so. Manomin da ya sayar da tiyar hatsinsa don a duba masa damina, ya sani babu ɗaya cikin addinan biyu da ya kira wannan wahayi.